Warin fetur a mota: Daga ina yake fitowa, kuma yaya ake magance shi?

Warin fetur na daga cikin alamun da direbobi suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali yana cikin 'yan ƙalilan da kan iya ƙarewa da ƙonewar mota ƙurmus cikin mintuna kaɗan.

Batun ya fi nauyi ga masu bin hanyar da ta rabu da titin Kano zuwa Zariya a Kwanar Dangora, ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, kafin ta wuce Saminaka da Jos.

Motocin haya da ke jigilar fasinjoji da kayan gona tsakanin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, irin su Golf da Sharan da bas-bas ƙirar Hiace da J5, akasarinsu sun kwana biyu a duniya tun kafin a shigo da su Najeriya. Ana kuma loda musu kaya fiye da kima, musamman da kaka, lokacin da ake fitar da masara da shinkafa zuwa kasuwanni.

Sannan akwai dajin kansa, inda ake yin tafiya mai tsawo babu gareji babu gidan mai, kuma a shekarun baya ya yi ƙaurin suna wajen fashi da satar shanu. Direban da ya ji wari a tsakiyarsa yakan gwammace ya ƙara wuta da ya tsaya. Shi ya sa binciken ya fi dacewa a yi shi tun a tasha.

Abin da hanci ke ji

An ƙera hanyar mai ta mota ne a rufe, tun daga bakin tanki har zuwa cikin inji. Don haka a motar da take lafiya ƙalau, ba a jin warin fetur sai na ɗan lokaci bayan an sha mai. Idan ya daɗe, ko yana tafiya yana dawowa, to fetur ko tururinsa na fita ta wani wuri, ko kuma injin ba ya ƙone shi yadda ya kamata.

Tururin shi ne babban hatsarin. Fetur na fitar da tururin da zai iya kama wuta ko da a sanyin da ya kai maki 40 ƙasa da sifili, ballantana a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a jihar Kano kan kai maki 40 a ma'aunin Salshiyas.

Wannan tururi ya ninka iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Ba ya tashi sama kamar hayaƙi, kwanciya yake yi a ƙasa, ya taru a but, da ƙarƙashin kujeru, da ramin gareji. Da zarar ya kai kimanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi guda ya isa.

Mummunar gobarar tankar mai da ta auku a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa, ranar 15 ga watan Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu yayin kwasar man da ya malale, misali ce ta yadda wuta ke bin fetur da tururinsa a ƙasa, ta cimma waɗanda ke ganin sun ba da tazara.

Wata matsalar kuma ita ce hanci na saurin sabo. Direban da ya wuni cikin wari yakan daina jinsa bayan 'yan mintuna. Fasinjan da ya shigo a Kwanar Dangora ya ce motar na warin mai, sau da yawa shi ne mai gaskiya, ko da direba da yaron mota sun rantse ba su ji komai ba.

Jarka a bayan mota

Kafin a zargi inji, akan fara da abin da aka ɗauko.

A ƙauyukan yankin, inda gidajen mai ke da nisa da juna, fetur na tafiya ne a jarka da galan: na babur, na janareta, na injin ban-ruwa, da na 'yan bumburutu masu sayarwa a bakin hanya. Jarkar da aka toshe bakinta da leda ba ta riƙe tururi, kuma ko cokali biyu suka zuba a kan kafet ko soson kujera, warin kan yi kwanaki.

Illar wannan ta wuce warin da take haddasawa. Takan ba direba uzurin da zai rufe ainihin matsalar, ya ce ai jarkar jiya ce, alhali tiyo ne ke tsiyaya a ƙasa.

Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce. A fitar da duk wani mazubin mai, a cire shimfiɗar ƙasa a shanya, a bar ƙofofi a buɗe na wasu sa'o'i. Idan warin ya dawo bayan an sake tayar da mota, ba daga kayan da aka ɗauko yake ba.

Lokacin da warin ke zuwa

Ƙwararren bakanike yakan fara da tambaya kafin ya taɓa sifana: yaushe ake jin warin, kuma daga wane ɓangare? Amsar kan rage rabin aikin.

Warin da ke zuwa bayan an cika tanki, ya kuma ragu idan mai ya sauka zuwa rabi, yana nuni ne ga saman tanki. Ko dai murfin tanki ne robarsa ta tsage, ko tiyon da ya haɗa bakin zuba mai da tankin, ko kuma zoben robar da ke rufe mazaunin famfon mai.

Wannan na ƙarshen ya zama ruwan dare. A yawancin ƙananan motoci famfon mai a cikin tanki yake, ana kuma isa gare shi ta wata 'yar ƙofa a ƙarƙashin kujerar baya ko a cikin but. Duk lokacin da aka canza famfo aka mayar da tsohon zobe, ko aka ɗaure shi a karkace, tururi kan taso kai-tsaye zuwa inda fasinjoji suke. Idan warin ya fara ne a makon da aka gyara famfo, da wuya a nemi dalili a wani wuri.

Al'adar girgiza mota a gidan mai domin tanki ya ƙara ɗauka ita ma tana da hannu. Fetur na kumbura da zafi: lita 50 da aka zuba da sanyin asuba kan ƙaru da fiye da rabin lita idan zafinsa ya hau da maki 15. An bar fili a saman tanki ne saboda haka. Idan aka cike filin, rarar takan bi siririn tiyo ta shiga gwangwanin gawayi.

Shi wannan gwangwani, wanda aka fara sanyawa a motocin Amurka a farkon shekarun 1970, aikinsa shi ne ya tsotse tururin tanki ya adana, daga baya inji ya ja ya ƙone. An yi shi don tururi ne kawai. Idan ruwan fetur ya jiƙa gawayin, yakan lalace, motar ta riƙa wari a tsaye cikin rana ba tare da an ga ɗigo ko ɗaya ba. A tsofaffin motoci da dama ma akan tarar an cire shi tuntuni, an bar tiyonsa na reto a buɗe.

Warin da ke ƙaruwa idan inji na aiki, musamman wanda ke shigowa ta ramukan iska na gaban direba, ya fi nuni ga cikin bonet. Wanda kuma ake ji da safe a gefen motar da ta kwana a ajiye, tare da tabo a ƙasa, na tanki ne ko bututun da ya bi ƙarƙashinta.

Kafireto da injekta

Bambancin waɗannan biyu yana da muhimmanci ga wanda ke neman yoyo.

A mota mai kafireto, kamar tsohuwar Peugeot 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, mai na tafiya ne da ƙarfi kaɗan. Yoyonta ɗigo ne. Matsalar da ta fi damunta ita ce ambaliya a cikin kafireton, idan datti ya hana allurar da ke tsayar da mai rufewa, ko cok ya maƙale.

A mota mai injekta kuwa, famfo na tura mai da ƙarfin da ya ninka na kafireto kusan sau goma. Ƙaramar tsaga a tiyo ba ɗiga take yi ba, feshi take yi, wani lokaci siriri ƙwarai har ido ba ya ganinsa sai an haska.

Wuraren da aka fi samun haka su ne zoben robar da ke kan kowane nozul, da bakin filtar mai, da duk inda tiyon roba ya haɗu da bututun ƙarfe. Roba na bushewa da tsufa da zafin inji, ta yi tauri, ta tsattsage daga bakin maɗauri.

Ingancin man ma na taka rawa. A watan Fabrairun 2022, kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya tabbatar da cewa an shigo da fetur daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da kima, abin da ya jawo janye shi daga kasuwa da dogayen layuka a gidajen mai. Methanol da yawa na cin roba da wasu ƙarafan hanyar mai. Haka nan man da aka gauraya da kananzir, ko aka adana a jarka mai datti, na toshe filta da nozul, ya hana inji ƙonewa da kyau.

A ƙarƙashin mota kuma, lodi da ramuka ne abokan gaba. Motar da aka danne da buhuna takan sauka har cikinta ya riƙa gogar ƙasa, musamman idan ta bar kwalta ta shiga hanyoyin burji na cikin ƙauyuka, ko na yankin duwatsun Riruwai. Dutse kan huda tankin ƙarfe ko ya lanƙwasa bututu. Da damina kuma laka kan maƙale a saman tanki da ƙarƙashin ɗamarar da ke riƙe shi, tsatsa ta ci wurin a ɓoye.

Yadda ake bincike

Ana yin binciken ne a fili, inda iska ke kaɗawa, nesa da mai shayi, da mai gasa masara, da mai walda, waɗanda duk ba a rasa su a tasha. Ba a haskawa da ashana ko leta. Tocila kawai.

Da farko akan shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar na ɗan lokaci. Ruwan na'urar sanyaya ɗaki ba shi da wari. Baƙin mai na da kauri, ba ya bushewa. Fetur kuwa yakan bar sanyi a yatsa, ya bushe nan take. Saurin bushewar nan ne ke sa a rasa shi, don haka akan duba wurin da ya yi tsabta fiye da kewayensa a jikin tanki ko inji, inda mai ya wanke ƙura, ko kuma inda ƙura ta taru ta yi danshi.

A mota mai injekta, idan aka murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, famfo kan yi aiki na daƙiƙa biyu ko uku ya cika bututu. Maimaita haka sau uku ko huɗu, wani na kallon cikin bonet, yakan fito da yoyo ba tare da inji ya yi zafi ba. Wasu kanikawa kan barbaɗa hoda ko garin alli a mahaɗar tiyo domin danshin ya bayyana.

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da masu amfani da fetur na Turai daga 2001, suna da kafar da ake jona na'urar bincike. Lambobi kamar P0442 da P0455 na nufin tururi na fita daga hanyarsa, P0172 kuma na nufin mai ya yi wa inji yawa. Sai dai fitilar gargaɗi ba ta sanin tiyon da ke ɗiga, kuma a motocin haya da yawa ta daɗe a kunne har an daina kallonta, ko an cire ƙwanta gaba ɗaya.

Idan daga salansa ne

Wani lokaci babu yoyo ko kaɗan. Injin ne ke karɓar mai fiye da abin da zai iya ƙonewa, ragowar ta fita ɗanya ta salansa.

Alamun sun haɗa da baƙin hayaƙi, da shan mai, da rawar inji a silo, da fulogi mai baƙin toka. Filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe na haddasa haka, kamar yadda mataccen fulogi, ko nozul da ba ya rufewa, ko na'urar da ke auna iskar salansa ta aika wa kwamfutar mota kan haddasa.

Akwai kuma ɗan abin da ke daidaita ƙarfin mai a kan layin nozul a motoci da dama. Idan aka zare siririn tiyon iskarsa aka ga fetur a ciki, fatarsa ta fashe. A irin wannan hali yana da kyau a zaro sandar auna baƙin mai a shinshina. Idan tana warin fetur, ko man ya ƙaru maimakon ya ragu, fetur ya sauka cikinsa ya tsinka shi, kuma sai an juye shi bayan gyara, in ba haka ba inji ne zai biya.

Motar da aka cire mata matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda kanikawa ke yi wa laƙabi da indomi saboda kamanninta, ita ma hayaƙinta kan yi warin ɗanyen mai ko da injin lafiya yake.

Hatsarin wannan ɓangare daban ne. Idan salansa ta huje a ƙarƙashin kujeru, ko ana tafiya da but a buɗe saboda lodi, hayaƙi kan dawo cikin mota tare da iskar carbon monoxide, wadda ba ta da wari ko launi. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci mai nauyi su ne alamunta, kuma a doguwar tafiya akan ɗauke su a matsayin gajiya. Tururin fetur shi kansa yana ɗauke da sinadarin benzene, wanda hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar jini. Direba da yaron mota, masu shaƙarsa kullum, su suka fi shiga wannan hatsari.

Gyara na gaskiya da na wucin-gadi

Mafi yawan gyaran ba shi da tsada: murfin tanki, zoben roba, ɗan guntun tiyo, maɗauri. Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ranar 29 ga watan Mayun 2023, inda lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, man da ke zuba a ƙasa ya fi kayan gyaran tsada. Tankin da ke ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa na iya zubar da kusan lita 2 a kwana guda.

Kafin a kwance komai, akan bar inji ya huce, a cire kan batir na baƙar waya. A mota mai injekta sai an sauke ƙarfin man da ke cikin bututu tukuna, ta hanyar zare fis ɗin famfo a bar inji ya mutu da kansa, kafin a cire batir ɗin.

Tiyon da za a sa dole ya zama na fetur, kuma na injekta idan motar mai injekta ce. Akan ga alamar SAE J30 R9 a jikin irinsa. Tiyon ruwa, ko farin tiyon da ake sa wa janareta, fetur na cinye shi cikin ɗan lokaci. Ɗaure tsaga da robar tayar keke ko waya kuwa, jinkirta fashewa ne kawai.

Goga sabulu a hujin tanki tsohuwar dabara ce ta direbobi, kuma takan yi aiki na ɗan lokaci domin fetur ba ya narkar da sabulu da sauri. Tana iya fitar da mota daga daji zuwa Tudun Wada ko Doguwa. Ba ta wuce nan ba, ruwan sama na farko zai wanke ta.

Dabarar da ta fi kowace muni ita ce ajiye galan a cikin mota ko a kan rufinta a ja tiyo zuwa inji idan famfo ya mutu. Sai kuma walda a jikin tanki. Tankin da aka juye ya fi cikakke hatsari, domin tururi da iska ne suka cika shi, kuma kurkure shi da ruwa sau ɗaya ba ya kore su. Canza tankin ya fi aminci.

Zuƙo fetur da baki ta tiyo shi ma yana kai mutane asibiti. Idan ya sarƙe ya shiga huhu yakan haddasa kumburi mai tsanani. Ba a sa wanda ya haɗiye shi ya yi amai, ba a kuma ɗura masa manja ko madara, domin aman ne ke kai man cikin huhu. Asibiti ake kai shi.

Idan warin ya taso a kan hanya

Wari mai ƙarfi da ya zo farat ɗaya, ko allurar mai da ke sauka ana kallo, ba abin da ake lallaɓawa ba ne. Akan gangara gefe, a kan ƙasa ko tsakuwa maimakon busasshiyar ciyawa, a kashe inji, a zare makulli domin famfo ya tsaya, a fitar da fasinjoji su matsa can nesa, ta ɓangaren da iska ke fitowa.

Ba a sake gwada tayar da motar don a gani. Tartsatsin sitata, ko na wayar fulogi da ta tsage, ko na wayoyin da aka jona aka naɗe da leda, ya fi zafin salansa saurin tayar da wuta.

Idan hayaƙi ya riga ya fara fita, ba a wangale bonet, domin iska ce wutar ke jira. Akan ɗan ɗaga shi kaɗan a fesa na'urar kashe gobara mai gari ta kafar. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi, ƙasa ko yashi sun fi shi. Dokokin hanya na Najeriya sun wajabta ajiye wannan na'ura a mota, kuma jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, na tambayarta, sai dai wadda aka binne a ƙarƙashin buhuna, ko allurarta ta bar kore, ba ta da wani amfani a lokacin. Lambar kiran gaggawa ta hukumar ita ce 122.

Motocin da aka mayar masu amfani da iskar gas ta CNG, waɗanda suka ƙaru tun daga 2023, akasarinsu suna riƙe da tankin fetur ɗinsu, kuma tiyon da aka daɗe ba a kula da shi ba yakan bushe. Warin gas ɗin daban yake, yana kama da na tukunyar girki, kuma gyaransa na cibiyar da ta yi juyin ne. Ana neman yoyonsa ne da kumfar sabulu, bayan an rufe bawul ɗin tukunyar an fitar da kowa.

Bayan kowane irin gyara, akan goge wurin ya bushe, a murɗa makulli sau da dama a duba, sannan a tayar da inji a sake dubawa. Gwaji na ƙarshe shi ne a cika tanki har famfon gidan mai ya tsaya da kansa, a ajiye motar a rana da gilasai a rufe na kamar awa guda, sannan a kira wanda bai shiga cikinta ba a ranar ya buɗe ƙofa ya shinshina.